Disket ɗin Gyang

Ranar walimar auren ƙanwarku Zainab, Mubarak ya karɓi abin magana ya shaida wa jama'a cewa ubansa ne mutum na farko a Nasarawa Gwom ta garin Jos da ya aika aiki Kaduna ta wayar tarho, tun kafin a haifi rabin waɗanda ke zaune a wurin. Aka yi tafi. Ni kuma na gyara zaman hulata na yi murmushin dattawa, irin wanda ke nufin a bar maganar, amma in an ci gaba ma babu laifi. Ban ga laifin yayanku ba. A bakina ya ji labarin, kuma na faɗe shi sau da yawa har ni kaina na kusa yarda da shi. To yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara gardama, gara ku ji yadda abin ya faru tun ina da bakin faɗa. Aikin ya tafi Kaduna, wannan gaskiya ne. Sauran labarin ne ke buƙatar gyara.

Ni ne ɗan farin kakanku, Alhaji Mamman mai ɗab'i. Ku da nake kiran sunayenku gatsal tun daga zaure, har ina zama in yi hira da Mubarak kamar abokina, ba za ku gane abin da wannan yake nufi ba. Baba mutumin da ne, yana kunyar ɗan fari yadda ya tarar iyayensa suna yi. Bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, ko "wancan", ko "yaron nan", har na tara gemu na ajiye 'ya'ya biyu. In na yi aiki mai kyau na miƙa masa, sai ya juya takardar gaba da baya, ya ce "To", ya ajiye. Inna takan ce mini kunya ce, ba ƙi ba ne, ita ma ai haka take yi. Na sani. Amma sanin bai hana ni kasa kunne ba duk lokacin da ya buɗe baki.

Gyang kuwa ba ɗansa ba ne, saboda haka babu kunya a tsakaninsu. Ɗan Kabong ne, sa'ana, siriri mai dogayen yatsu. Ya koyi kwamfuta a wata makarantar mishan, ya zo mana neman aiki shekarar da Baba ya yanke shawarar barin haɗa baƙaƙen dalma da hannu. Daga ranar sunansa ya samu wurin zama a bakin Baba. Gyang zo ka duba. Gyang ka ci abinci? Gyang yaya ƙafar mamarka? Akwai ranar da na zauna ina naɗe takarda ina ƙirgawa a zuci, daga safe zuwa azahar sau goma sha ɗaya. In aka kawo fura daga gida, Baba ya sha rabi ya tura masa kwanon. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutumin ba shi da abin zargi. Ba ya makara, ba ya gulma, in ya ga kuskurena a aiki sai ya gyara shiru bai faɗa wa kowa ba. Da mugu ne da na huta. Na riƙa kai ƙorafinsa gida kullum, har wata rana mahaifiyarku ta ajiye mini kwano ta tsaya a kaina ta ce:

"Malam, yau ma da Gyang za mu ci tuwon, ko a kawo miya?"

Baba yana da wata ƙa'ida da ya gada daga mahaifinsa, wanda ya yi hedman a filin haƙar kuza. A can kowane lebura da alamarsa a jikin digarsa. A wurinmu kuma, duk wanda ya zaɓi kayan aikin da za a yi amfani da shi, sai Baba ya yanko farin tef, ya rubuta sunan mutumin da hannunsa, ya manna a jiki. In abin ya yi kyau naka ne, in ya ba da matsala kai za a tambaya. Injin yankan takarda yana ɗauke da sunan Malam Tanko, tsohon ma'aikacinmu. Kwamfuta sunan Gyang, firinta sunan Gyang, har ɗan akwatin da ke riƙe wuta in an ɗauke, Gyang. Ni babban injin bugu nake kula da shi, shi kuwa ya girme ni a shagon, sunan wani mamaci ne a jikinsa. Na koyi kwamfutar daga baya, a hannun Gyang ɗin, ina koyo ina jin haushi. Duk faɗin shagon ubana babu inda aka rubuta sunana.

A lokacin, aiki mai kala irin bangon littafi ko kalanda ba ya ƙarewa a hannunmu. Sai mun tsara shi a kwamfuta, mu aika Kaduna wurin wani Mista Bayo ya fitar mana da fim ɗin ɗab'i, sannan mu buga. Yadda muke aikawa shi ne mu raba aikin a disket, 'yan faya-fayan kwamfuta na lokacin, biyar ko shida, mu ɗaure da roba, mu kai tashar Laranto mu ba direba. Direba kuwa ya ɗora a gaban gilashi rana ta gasa, ko ya cusa a aljihu tare da goro. In ɗaya ya mutu duk sun mutu. Da aka ja mana layin waya bayan dogon jira, Mista Bayo ya ce mu sayi modem mu huta. Ɗan akwati ne mai jajayen fitilu, ana haɗa shi tsakanin kwamfuta da wayar, in ya kira ɗan'uwansa na Kaduna sai ka ji ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Mista Bayo ne ya saya ya aiko mana da shi, don haka babu sunan kowa a kai tukuna. Baba ya ce wanda ya zaɓi furogiram ɗin da zai tuƙa shi, abin da kuke kira manhaja yanzu, shi ke da modem.

Guda biyu ne a gabanmu. Ɗaya ya zo a cikin kwalin modem ɗin, da ɗan littafinsa, in ka buɗe shi kore shar, gwanin kyau. Yana kira, yana barin ka ka rubuta wa na can magana ya amsa. Amma ba ya aika fayil da kansa. Sai ka fita daga cikinsa ka tayar da wani ƙaramin furogiram dabam, kuma in layi ya yanke, ko saura ƙiris a gama, daga farko za ka koma. Na biyun Gyang ne ya samo shi wurin wani abokinsa, a baƙin disket ko suna babu. Shuɗi ne, mummuna, rubutu cunkus. Amma aikawar a cikinsa take, maɓalli ɗaya za ka danna, kuma in layi ya yanke ka sake kira, daga inda ya tsaya zai ɗora. Ina so ku riƙe wannan da kyau: na gwada su duka biyun da hannuna kafin ranar zaɓen. Ban yi kuskure ba, ban jahilci komai ba. Na san wanda ya fi.

Bayan la'asar Baba ya zauna a kan ɗaurin takardu, tef da biro a cinyarsa. Ya fara da wanda ya saba farawa da shi.

"Gyang, me ka gani?"

"Baba, na kwali ɗin yana da kyau a ido, amma ba ya aika fayil da kansa. Kafin ka fita ka buɗe wancan, layi ya tafi. Nawa ɗin komai yana ciki. Ko ya yanke a rabi, ba ka yi asaran rabin ba."

Baba ya gyaɗa kai. Na ga hannunsa ya kai ga tef ɗin. Sannan ya juyo ɓangarena, idonsa a kan bango.

"Kai fa?"

Na san ubana. An taɓa sayar masa da tawada a jarka marar suna ta ɓata masa kalandar shekara guda, tun daga nan ba ya yarda da kayan da ba su da kwali. Nan na dafa.

"Baba, wannan da kwalinsa ya zo, da littafinsa. Wancan daga hannu zuwa hannu ya biyo, ba mu san kwamfuta nawa ya shiga ba. In ya zo da cuta ya cinye aikin mutane, wa za mu kama?"

"Na duba shi, Baba, ba komai a ciki," in ji Gyang. "Yanzu rani ne, layi yana da kyau, kowanne zai yi. Amma damina yana zuwa fa."

Baba ya kalli baƙin disket ɗin. Can ya yanko tef, ya ɗora a gwiwarsa, ya rubuta a hankali da manyan baƙaƙe irin na wanda ya koyi boko da girma. Haruna. Ya manna a kan modem ɗin, ya danne da babban yatsa, ya tashi ya fita alwala. Bai furta ba, amma ya rubuta, kuma sai da ya faɗi sunan a zuciyarsa kafin hannunsa ya bi. Ranar na shiga ɗakin kwamfuta ya fi sau biyar ba tare da ina da abin yi a ciki ba.

Wata biyu abin ya tafi daidai, ina ta yi wa Gyang kallon ka gani. Sai ruwa ya sauka. Kun san ruwan Jos, da rana tsaka gari ya yi baƙi, a zubo shi har da ƙanƙara. Ruwa ya shiga ramukan wayoyin, in ka ɗaga kan tarho sai ka ji ƙara kamar ana suyar ƙosai. A daidai lokacin wata makarantar Islamiyya ta Laranto ta kawo mana littafin saukar karatu, bangonsa ɗauke da hoton ɗalibai duka, kuma ranar Alhamis mai zuwa za a yi taron. Ga wahalar man fetur, tasha babu mota, direbobi suna kan layin mai. Dole ta waya. Aikin yana buƙatar fiye da awa ɗaya a kan layi, layin kuwa ba ya kai minti ashirin bai yanke ba. Na yi Alhamis ina fama, na yi Juma'a, na yi Asabar. Sau ɗaya ya kai saura kaɗan, har na miƙe tsaye, fitilar ta mutu. Baba yakan zo bakin ƙofa, ya kalli modem ɗin, ya kalli tef ɗin, ya koma.

Da yammacin Asabar Gyang ya shigo ya turo ƙofar, ya rage murya.

"Oga Haruna, mu sa nawa ɗin. Mu aika kawai. Ba wanda zai sani."

"Ka je ka yi aikinka," na ce masa. "In ina neman taimako na san inda kake."

Ba wanda zai sani, in ji shi. To shi fa? Shi zai sani, kuma zai riƙe mini sirrin da irin kirkin nan nasa har abada, kullum in gan shi in tuna. Na fi son aikin ya lalace da in karɓa daga hannunsa.

Tsarinmu shi ne ranar Juma'a Gyang ke tsare shago mu je masallaci, ranar Lahadi mu buɗe shi ya je coci. Lahadi da hantsi na buɗe durowarsa, ba ya kullewa, na ɗauko baƙin disket ɗin na juye a kwamfuta. Na sauya masa suna zuwa sunan nawa na kwali, na shiga saitinsa na mayar da shuɗin kore, na mayar da disket ɗin yadda na same shi. Da azahar Mista Bayo ya dawo daga coci ya kunna nasa. Na danna maɓalli ɗaya. Layi ya yanke sau huɗu, sau huɗu ina sake kira abin yana ɗorawa daga inda ya tsaya, babu gardama. Kafin la'asar aiki ya isa Kaduna. Ku kuna tsammanin na yi murna. Haushi na ji, na ganin yadda abin ya yi sauƙi.

Litinin da safe shugaban makarantar ya zo hankali a tashe. Muna tsaye duka a tsakar shago, ni da Gyang da Malam Tanko. Baba ya tare shi da fara'a ya ce:

"Malam, kwantar da hankalinka. Haruna ya aika tun jiya. Cikin ruwan nan, ta waya. Haruna ne ya zaɓi abin da kansa."

Sunana, sau biyu. Malam Tanko da ya shekara talatin tare da Baba ya saki hannun injin ya juyo. Ni kuwa na sunkuyar da kai. Na shekara talatin da huɗu ina jiran wannan, ga shi ya zo, a gaban baƙo, kuma a kan abin da ba nawa ba. Baba ya juya wurin Gyang yana dariya.

"To Gyang, ka gani? Na kwali dai na kwali ne."

Ƙofar ɗakin kwamfuta a buɗe take. Gyang ya leƙa, ya ga kore, amma tsarin rubutun nasa ne, ko daga nesa zai gane shi. Ya dube ni sau ɗaya.

"Haka ne, Baba. Oga Haruna ya yi ƙoƙari."

Da a nan na tsaya, da wataƙila ban rubuta wannan babin ba. Amma na kasa jure ganinsa. Duk gaisuwar da zai yi mini sai in ji kamar tuni ne. Na ce wa Baba hannu biyu suna rikita saitin modem, tunda sunana ne a kai a ba ni makullin ɗakin. Ya ba ni. Gyang, wanda ya koya mini kunna kwamfutar, ya koma kan wata tsohuwar kwamfuta da ke gaban shago yana buga katin biki da wasiƙun neman aiki. In Baba ya ce a kira shi ya duba wani abu, sai in ce an riga an duba. Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, kuma wannan ma na riƙe shi da shi. Kafin kaka ya samu aikin koyarwa a wata makaranta, ya zo ya durƙusa ya yi wa Baba sallama.

Baba bai gane ba. Abin da ya gani shi ne ya riƙe mutum kamar ɗa, an ƙi zaɓinsa sau ɗaya tak, ya yi zuciya ya tafi. Ya faɗa wa Inna haka a gabana, ina zaune ina jin sa. Da Gyang ya zo gaisuwar Sallah, Baba ya amsa masa a taƙaice ya ce yana da baƙi. Ya sake zuwa wata shekarar, haka. Daga nan rikici ya ɓarke, gari ya zama abin da kuka sani, zuwa wata unguwa daga wata sai an yi shawara, ya daina zuwa. Sunansa ya fita daga bakin Baba kamar yadda na so. Nawa kuma bai sake shiga ba. Kunya ta koma inda take, na koma "kai", sai dai yanzu shagon ya yi shiru.

Kakanku ya rasu bai sani ba. Na samu dama ba sau ɗaya ba, har a jinyarsa ta ƙarshe da nake zama kusa da shi da rana ina yi masa fifita. Ban faɗa ba, don ina tsoron ya karɓe abin da ya ba ni.

Ranar sadakar uku, da hantsi, sai ga Gyang. Daga Kabong, a lokacin da ko mu ba ma ba mutum shawarar ya yi wannan tafiyar. Ya yi furfura a gefe. Ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarma, da aka ɗaga hannu ana addu'a ya sunkuyar da kai, hawaye yana zuba a kan wandonsa. Da ya tashi na raka shi bakin titi. Muna jiran ɗan acaɓa ya ce:

"Baba ya tafi yana fushi da ni?"

"A'a," na ce. "Ya sha ambatonka."

Ya yi ɗan murmushi, irin na wanda ya san ni. Ban shirya tambayar ba, fitowa ta yi.

"Gyang, me ya hana ka faɗa masa?"

Ya kalli titi ya ce:

"Oga Haruna, ba don kai ba ne fa. Ranan da ya kira sunanka, ni ina gefe, na ga fuskansa. Tun da na san Baba ban taɓa ganin shi haka ba. Mutumin nan ya daɗe yana neman dalili da zai kira ka. Ya samu. Ni ne zan ƙwace masa?"

Acaɓa ya tsaya, ya hau, ya ɗaga mini hannu suka tafi.

Kunya ta zo daga baya, kuma har yau ba ta tafi ba. Amma tunda na ce zan gaya muku gaskiya, ba ita na fara ji a bakin titin nan ba. Abin da na fara ji tsohon ƙyashin nan ne, cif yadda na san shi. Ranar da Baba ya kira sunana, kaina a sunkuye yake, ina kallon siminti, kamar yadda aka koya wa ɗan fari ya tsaya a gaban ubansa. Ni muryar kawai na ji. Fuskar, Gyang ne ya gani.